Tsintar Gyaɗa

Shekara talatin Baba Haru na awon gyaɗa a Kasuwar Dole,
tiyarsa ba ta taɓa ƙwarar kowa ba.
Mai ƙiba, mai jan baya, ta masu saye ce.
Wadda raɓa ta shiga, ta yi funfuna, ta baƙanta a ciki,
ita ke biyo shi gida a gindin buhu.
"Wuta na kashe komai, Cima, soya."
Na soya. Mun daka, mun yi ƙuli, mun kaɗa miya,
ɗacin muka kora da ruwan randa.

Yau ɗacin yana ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama.

Likitar ba ta ce sankara da ƙarfi ba,
a hankali ta aje kalmar, kamar ƙwai a kan faifai.
Na tambaye ta, gyaɗar ce?
Ta ce ba ta nuna abu ɗaya da yatsa,
akwai ciwon hanta da ya daɗe kwance a jininsa,
amma funfuna ba ta jin tsoron kasko,
kuma hanta ba ta mantuwa.

Kwana muka yi a mota zuwa Yamai.
Muka dawo da takardu, da rabin Baba.
Ya ce komai ƙarfe yake ji a baki,
tuwo ƙarfe, shayi ƙarfe,
har alkakin Inna Habsu da ake yi wa layi a Birni,
ya gutsura, ya mayar a kwano.

Sai masu dubiya suka zo da iliminsu.
Wannan ya ce saiwar zogale, kwana bakwai, a bar asibiti.
Wancan ya ce a hana shi nama, ciwon ne ke cinyewa.
Wani mai lasifika a tashar Mirya
yana sayar da waraka a kwalba, jika biyu.
Na riƙe kuɗin a tafin hannu har suka yi gumi.

Da na koma na gaya mata, likitar ba ta yi dariya ba.
Ta ce, "Abinci ba shi ne maganin ba.
Jaki ne. Shi ke ɗaukar maganin ya kai shi gari.
In jakin ya faɗi a hanya, kayan ma sun faɗi."

To, ni ce mai kiwon jakin.
Da asuba kunun gero, ba kauri, da tsamiya kaɗan
don tsami ne kawai ke ratsa ƙarfen.
Hantsi, wake da na dafa har ya manta siffarsa.
Kabewa daga lambun Mirya, ganyen zogale a miya,
a matsayinsa na ganye, ba waliyyi ba.
Ƙwai ɗaya in kaza ta yarda.
Gishiri da bakin yatsa biyu, dunƙulen magi na bar wa maƙwabta.

Ina ƙirga cokali kamar mai jan carbi.
Jiya bakwai. Shekaranjiya huɗu, ya amayar da biyu.
Ranar da ya kai goma sha ɗaya
na fita bayan ɗaki na yi kuka, kada ya gani ya daina.

Ban san ko zai ga kakar bana ba.
Likitar ma ba ta yi mini alkawari ba.

Amma da la'asar yakan sa a shimfiɗa masa tabarma,
ya kira jikokinsa, Shafi'u da Barira,
a zube gyaɗa a faifai.
Hannunsa na rawa, idonsa bai yi kuskure ba.
"Wannan ta ci. Wannan ta ci.
Wannan kuwa..."
Barira ta ce, "A ba awaki?"
Ya ce, "Ko awaki. Haƙa rami."